Hoton da Na Sauke Daga Bangon Madam Tereza

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. Duk wadda ta shigo sayen turaren wuta sai ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Hajiya Asabe, ba mu labari mana." In ce da wannan lafiya lau, in ce da waccan akwai dogayen gidaje, a haka nake ta zillewa wata biyu cur. To yau na gaji. Ku matso, sau ɗaya zan faɗa, wadda ta ji ta kai wa wadda ba ta zo ba.

Wajen Rabi na je, ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye ta bayan rasuwar Inna, shi ya sa har yau in tana magana kunne ɗaya nake ba ta. Shekararta goma sha ɗaya a New York. Mijinta direban tasi ne, a can Allah ya yi masa rasuwa, ita kuma ta zauna tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, a ƙarƙashin wani kamfani da suke ce wa ejensi. Tana da katin zama, kuma lokacin da na je saura kaɗan a kira ta ganawar zama 'yar ƙasa. Ta ce in zo in yi wata guda in huta.

Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci ba: layi a Abuja, tambaya uku ta bayan gilashi, Allah ya sa aka dace. Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Alƙahira, aka sake zuba mu a wani jirgin. Ni da na je Makka na zaci na san jirgi, ashe da sauran karatu. Awa goma sha ɗaya a kujera ɗaya! Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka kawo mini wani abinci fari fat, ba gishiri ba yaji, na ce a mayar, na sha shayi da burodi. Rana kuma ta ƙi faɗuwa, na kasa gane ina azahar ina la'asar, na haɗa su a zaune na bar wa Allah sauran.

A filin jirgi wani ƙaton kare ya zo ya zauna daidai akwatina. Aka ja ni gefe, wani jami'i ya sa safar hannu ya shiga fito da kaya ɗaya-ɗaya. Kuka ta wuce, kuɓewa busasshiya ta wuce. Da ya buɗe daddawa sai da ya ja da baya ya toshe hanci, amma ita ma ta wuce. Kilishi ne bai wuce ba. Kilishin Agadasawa, wanda Rabi ta yi shekara tana roƙona, ina kallo ya jefa shi a kwandon shara yana ce mini sori. Na ce a raina, wallahi da ka ɗanɗana da ba ka yi ba. Kwalaben turarena kuwa ya shinshina, ya yi murmushi, ya mayar mini.

Rabi na gani a bakin fita, ta rame, ta yi furfura a goshi. Muka rungume juna muna kuka mutane suna ratsa mu, ko kallo ba mu ishe su ba.

A Bronx take, wata unguwa Tremont, hawa na biyar, kuma babu na'urar hawa. Ɗaki ɗaya da falo, duka ba su kai zauren gidan nan ba. Ƙofa mukulli uku. Maƙwabci ya wuce ka a matattakala, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba sannu ba ina kwana. Amma in ka sauko titi sai ka ji Hausa tana tashi ta ko'ina, ta Kano, ta Nijar, ta mutanen Gana. Masallacinsu tsohon shago ne aka shimfiɗa darduma. Wata maƙwabciyarta 'yar Kumasi, Anti Memuna, ta kawo mini shinkafa da wake irin tasu da wani baƙin yaji, na ci har da side hannu. 'Ya'yanta na yi musu Hausa suna ji sarai, su ba ni amsa da Turanci, na ce Allah ya shirya.

Rabi tana fita tun bakwai, ba ta dawowa sai shida. Ni kaɗai a ɗaki, tagogi a rufe, gida yana warin albasa. Ran kwana na biyar na ce ina, ni mai sayar da turare a ce ɗakin ƙanwata yana wari? Na ɗauko ɗan kaskona, na hura gawayi a kan murhun gas, na zuba turare mai kyau, irin na hawi. Ban ko zauna ba wani abu mai gano hayaƙi a rufi ya fashe da ihu, na waje ma ya karɓa, ginin duka ya ɗauka. Kafin in gama salati sai ga jiniya, sai ga ƙartin 'yan kwana-kwana da hulunan kwano da gatari sun cika ƙofa, ni kuma ina tsaye da kasko a hannu.

Da Rabi ta dawo mai kula da ginin ya tare ta ya wanke ta tas. Ta shigo ta zauna ta dafe kai.

"Yaya, in aka sake, korar mu za a yi daga gidan nan. Ba zan iya barin ki ke kaɗai ba, Anti Memuna ma aiki take zuwa. Gobe ki bi ni."

"To mene ne a ciki? Sai in taya ki."

"Akwai abu a ciki. Dokar ejensi ce, ba a kai kowa gidan da ake aiki, ko uwarka ce. In aka gani, aikin ya tafi. Ɗan tsohuwar da nake kula da ita, Mista Franko, ran Lahadi kawai yake zuwa, gobe kuma Alhamis. Amma don Allah, Yaya, kada ki taɓa komai."

Na ce ni yarinya ce da za a ce kada in taɓa komai?

Da safe muka hau bas zuwa Fordham Road, babban titin kasuwa, mutane kamar Kwari ran jajiberin salla. A nan ta nuna mini wani mutumin Maraɗi, Malam Isufu, mai teburin huluna da tabarau da turaren kwalba. Muka gaisa, ya ce, "Hajiya, in kin ɓace a garin ga, ki nemo teburina, nan ni ke kullum." Daga nan muka gangara da ƙafa zuwa tsohuwar unguwar Italiyawa, shaguna an rarrataye cuku da nama, ban tambayi ko naman mene ne ba.

Gidan ɗan siriri ne na jan bulo, da ƙofar gaba da ta baya mai fita lungu. Mai gidan, Madam Tereza, ta haura tasa'in, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, a keken guragu take wuni. Shekara huɗu Rabi tana kula da ita. Da ta gan ni ta kama hannuna ta jujjuya tana kallon lallena, tana wata magana da ko Rabi ba ta ji duka.

A falon nan na ga hoton. Ba na kyamara ba ne, zane ne na hannu, da fenti, ya tsufa har ya yi duhu kamar an shafa masa zuma, da ƙaton firam mai ruwan gwal. Wani gari ne a kan tudu, kewaye da ganuwa, a tsakiyarsa wata babbar ƙubba da gicciye a samanta. Daga ƙasa hanya ta taso tana lanƙwasa cikin gonaki da itatuwan zaitun, can nesa ga shuɗin teku. A kan hanyar kuma ga mutane ƙanana-ƙanana, ba su fi ɗan yatsa ba, da sanduna da ƙunshin kaya. Wani yana jan jaki. Wata mace ta zauna a kan dutse ta cire takalmi tana duba ƙafarta. Wannan macen ita ta tsaya mini a rai.

Rabi ta ce, "Sunan garin Loreto, a Italiya. Wajen ziyararsu ne, da ƙafa suke zuwa. Kakan Madam ne ya taho da hoton a jirgin ruwa. Mista Franko ya ce ya fi gidan nan daraja. Ita kullum nan nake ajiye ta, ta wuni tana kallonsa."

Na tuna kakanmu Alhaji Na-Gwammaja da ya tafi Makka a ƙasa ta Sudan, ya yi shekara bakwai kafin ya dawo. Na ce ashe su ma sun san wahalar hanya. Ina so ku ji ni da kyau, ban ƙi hoton nan ba. Ya burge ni ƙwarai.

Da azahar ta yi Rabi ta tura Madam banɗaki za ta yi mata wanka, aikin da ke cin kusan awa guda. Ta leƙo ta ce, "Yaya, ki yi sallarki a kicin, nan nake yi. Alƙibla ta wajen nan take." Ta nuna da hannu ta koma.

Na shiga kicin ɗin. Wuri kamar akurki, ga kwandon shara daidai inda goshina zai sauka. Na ce a'a, ba da ni ba, ga falo fes a share. Na dawo na shimfiɗa darduma yadda ta nuna, na ɗaga kai, sai ga hoton nan a gabana ƙiri-ƙiri, mutane da gicciye, daidai alƙibla.

To ku gaya mini, wace ce a cikinku ba ta taɓa juya kalanda ko hoton biki ba in za ta ta da salla? Abin da muka tashi muka ga ana yi ke nan, ko tunani ban yi ba. Na sa hijabi, na yafa wa hoton gyalena, ya zame. Na sake yafawa, ya sake zamewa. Sai na hau kujera na ɗago shi daga ƙusa, nauyi kamar turmi. Ban so in ajiye kayan mutane a ƙasa tsirara ba, don haka na naɗe shi tsaf da gyalen, har na ƙulle bakin don kada ƙura ta shiga, na jingine shi a bayan ƙofar fita, kusa da jakar Rabi. Na ce in na sallame in mayar, ba wanda zai sani.

Ina zaman tahiya na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ina yin sallama Rabi ta faɗo falon, hannu duk kumfa, ido waje.

"Mista Franko ne! Yaya tashi, tashi! Ta baya! Ki je wajen Malam Isufu ki jira ni!"

"Rabi, tsaya, hoton..."

Ina! Ba ta ji ba, ba ta kuma ɗaga kai ta dubi bango ba. Ta shure dardumar da ƙafa ta shige ƙarƙashin kujera, ta danƙa mini takalmana, ta tura ni lungu ta rufe ƙofa. Ina jin mukulli yana juyawa a ƙofar gaba.

Yadda na kai Fordham Road Allah kaɗai ya sani. Duk gidajen iri ɗaya, sau biyu ina dawowa gaban shago guda. Da na hango teburin Malam Isufu kamar na hango gida. Ya ba ni kujerarsa, ya sayo mini shayi, na kasa sha. Na gaya masa abin da na yi. Ya daina jera tabarau, ya dube ni.

"Kin naɗe shi? Kin aje bakin ƙofa?"

"Don kada ya yi datti."

Ya ce, "La ilaha illallahu," ya koma jera tabarau.

An fi rabin awa kafin wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya miƙo mini. Rabi ce, murya ƙasa-ƙasa, daga banɗaki.

"Yaya, me kika yi mini? Ya ga bango wayam, ya duba ya tarar da hoton a naɗe cikin gyale kusa da jakata. Ya ce shirya shi na yi zan fita da shi. Ya kira polis, suna hanya."

"Ga ni nan zuwa."

"Kada ki zo! In kika zo an san na kawo mutum, aikina ya tafi, ke ma bizarki za ta iya lalacewa. Zan ce gogewa zan yi. Kada ki zo, Yaya."

Ta kashe. Na tambayi Malam Isufu, tsakaninsa da Allah, za su yarda gogewa za ta yi?

Ya girgiza kai. "Wa ke ƙulle abu cikin zane in za shi goge shi? Hajiya, satar kayan tsohon da kake jinya babban laifi ne a ƙasar ga. Kaso ne. In ta fito su amshe katin zama su sa ta jirgi. In kin je kuma, aiki ne za ta rasa. To, ke ce babba."

Shekaru da dama yarinyar nan tana wanke kashin tsofaffin wasu, ba ta taɓa ɗaukar ko cokali ba, ni na zo kwana shida zan sa a kira ta ɓarauniya. Na miƙe na ce, "Malam, ka san Turanci?" Ya ce daidai gwargwado. Ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa tebur, muka kama hanya.

Motar 'yan sanda tana ƙofar gida, fitilarta tana juyawa. Malam Isufu ya ƙwanƙwasa, wata 'yar sanda baƙar fata ta buɗe, hannunta ɗaya a ƙugu. A falo ga Rabi a kan kujera, hannuwa a cinya, wani ɗan sandan yana rubutu a tsaye a kanta. Mista Franko dattijo ne mai sanƙo, fuska ta yi jawur. Hoton yana kan tebur, har yanzu rabinsa cikin gyalena. Da Rabi ta gan ni sai ta runtse ido.

Na ce, "Malam, gaya musu gyalen nan nawa ne. Ni yayarta ce. Ni na sauke hoton, ita tana banɗaki, ba ta ma sani ba."

Ya faɗa. Mista Franko ya daka tsawa, Malam Isufu ya ce tambaya yake, don me? Kuma ta yaya zai san ba mu biyu muka haɗa baki ba?

Baki ba zai yi ba. Na durƙusa na zura hannu ƙarƙashin kujera, ɗan sandan ya yi wani taku guda wajena. Na jawo dardumar a hankali, carbina ya faɗo daga cikinta. Na shimfiɗa ta inda take ɗazu, na tsaya a kai na ɗaga hannu kamar zan yi kabbara, na nuna bango, na rufe idona da tafin hannu. Malam Isufu yana ta bayani, Turancin yana ƙare masa yana cikawa da Faransanci. Can ya ciro wayarsa ya buɗe abin nan mai nuna alƙibla, ya ɗora a kan dardumar. Kibiyar ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya cak tana nuna ƙusar da ke bango.

'Yar sandan ta sunkuya ta duba, ta dubi ƙusar, ta ce wa abokin aikinta wani abu, ya rufe littafinsa. Suka karɓi fasfona suka jujjuya suka ba ni. Suka yi magana da Mista Franko a gefe, ya daɗe yana shafa sanƙonsa, sannan ya kaɗa hannu. Malam Isufu ya raɗa mini, "Ya janye. Babu maganar sata."

Ban gama alhamdulillahi ba muka ji murya daga ɗaki. An bar Madam a gado tun bayan wanka. Rabi ta miƙe ba ta nemi izinin kowa ba, ta je ta turo ta, ta ajiye ta inda ta saba. Tsohuwar ta ɗaga ido ta ga bango ba komai, sai murabba'in fenti mai haske inda hoton ya yi shekara da shekaru. Bakinta ya hau rawa, ta ɗaga hannun nan mai lafiya tana lalube a iska, tana kuka irin na jarirai, ba ƙara sai hawaye. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ɗanta ya warware gyalena ya yar a kujera, ya hau ya mayar da hoton, ya daidaita shi sau uku. Ita kuwa ba ta yi shiru ba sai da Rabi ta durƙusa ta riƙe mata hannu.

Da 'yan sanda suka tafi ya yi magana a hankali, ba tsawa. Malam Isufu ya fassara mini. Ya ce ya yarda Rabi ba ɓarauniya ba ce, kuma ya ba ta haƙuri a kan wannan. Amma ta shigo da baƙuwa gidan uwarsa a ɓoye, ta fitar da ita ta baya, ta kuma yi masa ƙarya a gaban hukuma. Ya riga ya kira ejensi tun ɗazu, gobe za su turo wata. Ya miƙa hannu a ba shi mukullin gidan.

Na zube a gabansa, ni Asabe da ban taɓa durƙusa wa namijin da ba ubana ko mijina ba. Na ce laifina ne, a hukunta ni. Ya kau da kai. Rabi ta ce, "Tashi, Yaya, nan ba a yin haka." Ta cire mukullin daga zobensa ta sa masa a hannu, ta sumbaci tsohuwar a goshi, ta ɗauki jakarta.

Sauran kwanakina a garin ba su da labari. Rabi ta fita daga zargin sata, ganawarta ta zama 'yar ƙasa ba ta lalace ba, amma ejensin sun sallame ta, har na taho tana neman wani aikin. Abin da ke hana ni ba ku labari shi ne abin da ya faru a bas, a hanyarmu ta komawa ran nan.

Muka samu kujera muka zauna, Rabi ta kama gefen taga. Na so ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sanyi. Na ce, "Rabi, ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, Yaya," tana kallon taga. Can ta dubi agogon hannunta, sai na ga ta zabura ta hau laluben jaka. Ta ciro waya ta kira wani, ta yi Turanci a natse, ta maimaita, ta sake maimaitawa kamar mai koya wa yaro karatu. Da ta kashe na ce wa ta kira.

"Mista Franko."

"Roƙonsa kika yi?"

"A'a. Biyar ta yi, lokacin maganinta ne. Ba ta iya haɗiye ƙwaya, sai an daka an cuɗa da ayaba, a ba ta ta ɓarin dama. In aka ba ta da ruwa shaƙewa take yi." Ta mayar da wayar cikin jaka, ta ja zif. "Shi bai sani ba. Ba wanda ya sani sai ni."

Daga nan ta rufe fuska da bakin mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Ni da na goye ta na kasa ko dafa ta, na zauna da gyalena a cinya har bas ya kai Tremont.